Yadda Za a Koyar da Turanci a Makka da Jidda Har Ɗalibi Ya Ci Abinci da Shi

Yaron da ya tashi a gidan Hausawa a Makka ko Jidda ko Madina yana shiga aji ɗaya ne da harshe biyu a bakinsa, Hausar gida da Larabcin unguwa. Daga shekarar 2021 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta sauko da darasin Turanci har aji ɗaya na firamare, ke nan kafin ya fita sakandare zai yi shekara 12 yana karanta shi. Duk da haka, je ka tsaya kusa da teburin karɓar baƙi na wani otal a unguwar Misfala ko Aziziyya a Makka a goman ƙarshe na azumi. Ba za ka daɗe ba za ka ga saurayin da ya ci jarrabawar Turanci da maki mai kyau ya yi cirko-cirko, don kawai wata tsohuwa 'yar Malesiya ta ce katin ɗakinta ya ƙi buɗe ƙofa. Ya san nahawu. Abin da bai taɓa yi ba shi ne biya wa wani buƙata da harshen.

Gyaran yana hannun malami, kuma ba sai an canza manhaja ba. Abin da za a canza shi ne inda ake farawa: a fara daga wurin da ɗalibi zai tsaya aiki gobe, sannan a dawo aji da abin da aka gani a can. Ga yadda ake yi, kuma duk inda na ce malami, har da malamai mata a makarantun 'yan mata nake nufi.

Mataki na farko: san inda ɗalibanka za su dosa

A makon farko ka ba kowane ɗalibi takarda ya rubuta abu uku da Larabci: aikin da babansa ko yayansa yake yi, aikin da shi yake so, da kuma wuri na ƙarshe da ya ji ana Turanci da kunnensa ba a waya ba. Ka tattara, ka kasa su. A garuruwan nan uku za ka tarar mafi yawan amsoshin suna zagaye otal, asibiti da kantin magani, filin jirgi, tashar jirgin ƙasa, shagunan kusa da Harami, da kamfanonin aikin Hajji da Umara. Ba abin mamaki ba ne. A Hajjin 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 suka tsaya Arfa, kuma shirin gwamnati na 2030 yana neman kai masu Umara miliyan 30 a shekara. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana bin tafiyar kilomita 450 tsakanin Makka da Madina ta Jidda, kuma kowace tasha cike take da baƙin da ba sa jin Larabci.

Akwai wata gaskiya da ya kamata malami ya riƙe tun nan, ko da ba zai faɗe ta a gaban aji ba. Ɗalibanka ba matsayinsu ɗaya ba ne a wajen doka. Wani ɗan ƙasa ne, kakanninsa sun zo da ƙafa ta Sudan tun zamanin da ake shekaru a hanyar Hajji. Wani kuwa da igama yake zaune, wato takardar izinin zama ta baƙo. Tun watan Mayun 2022 aka keɓe wa 'yan ƙasa aikin fassara da na sakatare da na shigar da bayanai a kamfanoni masu zaman kansu, kuma lasisin jagoran masu yawon buɗe ido ma nasu ne. Kada ka ɗora wa mai igama burin aikin da ba za a ba shi ba. Shi Turancinsa ya fi karkata ga jami'a a Najeriya ko Malesiya ko Indiya, da kasuwanci tsakanin nan da gida. Ka riƙa duba sanarwar Ma'aikatar Ƙwadago kowace shekara, domin jerin ayyukan da ake keɓewa yana ƙaruwa.

Mataki na biyu: fita ka kwaso Turancin da ake yi da gaske

Ɗauki ɗan littafin aljihu, ka nemi izinin manajan wani otal ka zauna a falon ƙasa bayan La'asar. Rubuta abin da baƙi suke tambaya da yadda suke tambayarsa. Ka yi haka a kantin magani, ka yi a tashar jirgin ƙasa. Da hannu za ka rubuta. Kada ka ɗauki hoto ko muryar kowa ba da saninsa ba, domin dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ko tarar da za ta kai riyal 500,000 a kan keta sirrin mutane da kyamarar waya.

Abin da za ka gano shi ne tambayoyin ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Ina motar Harami take tsayawa, kuma ƙarfe nawa ta ƙarshe? Na'urar sanyaya ɗaki ta lalace. Mahaifiyata ta ɓata a wajen ƙofar Sarki Fahad ta Harami. Ina zan sami keken guragu? Wannan maganin kafin abinci ne ko bayansa? Jakata ba ta iso ba. Idan ka tara irin waɗannan talatin ko arba'in, ka sami abin koyarwa na zango guda.

Ka haɗa da takardu: takardar da ke cikin kwalin magani, tikitin jirgin ƙasa, jerin abincin gidan cin abinci, fom ɗin shiga otal, hoton allunan hanya. Galibinsu da Larabci da Turanci aka buga su gefe da gefe, kyauta kuma suke.

Mataki na uku: ɗaura su a jikin littafin gwamnati

Nan ne masu zumuɗi suke tuntuɓe. Su ajiye littafin aji su kama abin da suka ga ya fi amfani, jarrabawa ta zo yara su faɗi, mai duba malamai ya rubuta rahoto, shi ke nan an kashe shirin. Littafin yana nan daram, We Can ne ko Top Goal a firamare, ko Super Goal a matsakaiciya, ko Mega Goal a sakandare. Abin da za ka yi shi ne ka buɗe jadawalin babi-babi, ka rubuta a gaban kowane babi wurin aikin da nahawunsa yake rayuwa. Babin umarni da kwatance ya tafi ga nuna wa baƙo hanya daga ƙofar Sarki Abdul'aziz, mai lamba 1, zuwa ƙofar Sarki Fahad, mai lamba 79. Babin abin da ya wuce ya tafi ga ba da rahoton jakar da ta ɓata. Babin shawara da wajibi ya tafi kantin magani. Babin kwatanta abu biyu ya tafi shagon dabino, inda mai saye yake son sanin bambancin ajwa da sukari da dalilin tsadar ɗaya.

A darasin minti 45, ba littafi 30, ka ware 15 na ƙarshe don aiki da baki. Idan ka dage a kan haka kullum, ya fi ka ware rana guda a wata ka ce yau ranar magana ce.

Mataki na huɗu: wasan tafinta na mutum uku

Wannan shi ne zuciyar shirin, kuma a nan ne ɗan Hausa yake da abin da ɗan ajinsu ba shi da shi. Najeriya kaɗai an ba ta kujera 95,000 a Hajjin 2023, ga Nijar, ga Gana, ga Kamaru da Cadi, kuma da yawa cikin tsofaffin da suke zuwa Hausa ce kaɗai harshen da za su iya faɗin ciwonsu da shi. A ɗaya gefen kuma, ma'aikaciyar jinyar da za ta karɓe su sau da yawa 'yar Filifin ce ko 'yar Indiya, wadda Turanci ya fi mata sauƙi a kan Larabci. Wanda zai tsaya tsakaninsu shi ne ɗalibinka.

Jera kujera uku a gaban aji. Ɗalibi ɗaya ya zama alhaji, Hausa kawai zai yi. Na biyu ya zama ma'aikacin asibiti, Turanci kawai. Na uku tafinta. Ka ba na farko da na biyu kati mai ɗauke da bayanin da tafinta bai gani ba. A katin alhaji ka rubuta misali: shekararka 68, kana da ciwon suga da hawan jini, ka taka daga Mina zuwa wajen jifa da rana tsaka, yanzu jiri kake ji, maganinka kuma ka baro shi a tanti. Idan ajin gauraye ne da waɗanda ba sa jin Hausa, su yi nasu zagayen da Larabci da Turanci, tsarin ɗaya ne.

Ga irin abin da zai faru a karon farko. Mai wasan alhaji ya dafe kai ya ce, "Wallahi yaro, tun da hantsi nake jin ƙasa tana juya mini, ga ƙishirwa, ga idona yana rufewa." Tafinta ya juya ya faɗi kalma biyu da Turanci, cewa ba shi da lafiya. Ma'aikacin asibiti ya yi doguwar tambaya a kan maganin da yake sha da lokacin da ya sha na ƙarshe, tafinta ya dawo ya ce, "Baba, wai kana shan magani?" Nan za ka tsayar da wasan. Ka tambayi aji: me ya zube a hanya? Za su lissafa maka da kansu, lokacin da abin ya fara, jirin, ƙishirwar, dishi-dishin ido, da tambayar lokacin shan magani. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da likita yake nema don ya bambance bugun zafin rana da faɗuwar suga. Ka tuna musu cewa a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomi sun sanar da rasuwar mutum fiye da 1,300. Ba wasan yara ake yi ba.

Daga nan sai ka kafa ƙa'idoji, ka rubuta su a bango su zauna har ƙarshen shekara. Tafinta ba ya ragi, ba ya ƙari. Yana magana da bakin mai maganar, idan alhaji ya ce "kaina yana ciwo" shi ma haka zai faɗa, ba "wai ya ce" ba. Duk lamba, ko adadin ƙwaya ko awa ko lambar ɗaki, sai ya rubuta ta ya nuna wa ɓangarorin biyu. Idan bai gane ba ya ce a maimaita, wannan ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ya yi cane. Kuma ba ya ba da shawarar magani daga kansa, ko da ya ga kakarsa tana shan irinsa.

Akwai ladabi ma a ciki, kuma yana cikin makin. Yaron da zai ce wa dattijo "kai, me ke damunka" ya faɗi, ko da Turancinsa ya fi na kowa. Ya durƙusa daidai kujerar, ya ce, "Sannu Baba Alhaji, ku kwantar da hankalinku, ni zan faɗa musu duk abin da kuka ce." Ga mace kuma, "Sannu Hajiya, Allah ya sawwaƙe, ina ne yake muku ciwo?" Tsoho idan ya ji haka a ƙasar da ba tasa ba, bakinsa yana buɗewa.

Wani abu da wasan zai tona shi ne Hausar yaran kanta. Hausar gida ce, ta cin abinci da aike, rabinta Larabci. Za su ce mustashfa da saidaliyya da sayyara, alhajin da ya fito daga ƙauyen Sakkwato ko Damagaram kuwa asibiti da kantin magani da mota ya sani. Ka ba su aikin gida su zauna da kaka ko wata dattijuwar unguwa, su rubuto sunayen gaɓoɓin jiki da na cututtuka da yadda ake kwatanta ciwo, mai suka ne ko mai zugi ko mai murɗa. Tsofaffi suna jin daɗin wannan aikin gidan fiye da yaran.

Bayan asibiti sai ka sauya fage: ofishin cigiyar waɗanda suka ɓata, teburin otal, wurin awon kaya a filin jirgin Sarki Abdul'aziz inda hajiya take rigima a kan nauyin jakarta, kiran lambar gaggawa ta 911 ko 997 na motar asibiti. Kowane mako fage ɗaya, kowane ɗalibi kuma ya zagaya kujerun uku.

Mataki na biyar: horar da kunne

Muryar da ke cikin faifan littafi ta Ba'amurke ce ko Baturen Ingila, a tsanake, ba hayaniya. Turancin da ɗalibinka zai ji a unguwar Ajyad da ke kusa da Harami na ɗan Indunusiya ne, da ɗan Pakistan, da ɗan Bangaladash, da ɗan Legas, da ɗan Afirka ta Kudu, kowa da karin harshensa, ga gajiya, ga ƙarar motoci. Nemo gajerun bidiyo na minti ɗaya a YouTube na mutanen waɗannan ƙasashe suna Turanci, ka kunna sau biyu, ka nemi abu uku kacal: wane ne, me yake so, wace lamba ya faɗa.

Lambobi su ne wurin da aka fi yin ɓarna, don haka ka ba su minti biyar kullum. Karanta lambar fasfo, lambar jirgi, lambar waya, farashi, su rubuta. Su koyi harrafa suna ɗaya bayan ɗaya, domin sunan Muhammad kaɗai ana rubuta shi iri-iri a fasfo, kuma harafi ɗaya yana hana a sami mutum a kwamfuta. Su saba juya kwanan wata daga Hijiriyya zuwa Miladiyya, da agogon awa 24 na tikiti zuwa na safe da yamma.

Mataki na shida: rubutun da ake biya a kansa

Insha'i a kan hutun bazara ba laifi ba ne, amma ba wanda zai ɗauke ka aiki dominsa. Su rubuta saƙon WhatsApp na layi huɗu ga shugaban ayarin alhazai cewa motar Madina ta jinkirta zuwa ƙarfe kaza. Su rubuta imel na amsa ƙorafin baƙo. Su cike fom. 'Yan ajin ƙarshe su rubuta takardar bayanin kai ta neman aiki, shafi ɗaya, kuma a layin harsuna su sa Hausa da girmanta kusa da Larabci da Turanci. Yara da yawa suna ɓoye ta, suna ganin harshen cikin gida ne kawai. Ka gaya musu cewa tun 2020 Hausa tana cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arfa da su kai tsaye, kuma mutane ne suke wannan aiki.

Za su ce maka ai waya tana fassara. Kada ka yi musu gardama, ka sa su gwada. Su faɗa wa wayar maganar alhajin nan mai jiri da Hausar baka, su karanta wa aji abin da ta fitar, sannan su gyara. Gyaran ma darasi ne, kuma wanda ya iya kama kuskuren na'ura shi ne zai yi aiki da ita lafiya.

Mataki na bakwai: kawo ma'aikata aji, kai ɗalibai fili

Sau ɗaya a wata, da izinin shugaban makaranta, gayyato wani da yake aiki da harshe: ma'aikacin otal, mai harhaɗa magani, ma'aikaciyar jinya a makarantar 'yan mata. Zai fi kyau ya zama ɗan unguwa da yaran suka sani. Kada ya yi lacca. Ɗalibai su shirya tambayoyi da Turanci, shi kuma ya kawo matsala ɗaya da ta taɓa tasowa a wurin aikinsa, aji ya warware.

Tsarin sakandare na masarat, wato na raba ɗalibai fanni-fanni, da aka fara a 2021 ya ɗora wa ɗalibi awa 40 na aikin sa-kai kafin ya kammala. Maimakon a cike su da share harabar makaranta, ka taimaka wa ɗalibanka su yi rajista a dandalin aikin sa-kai na ƙasa, su nemi gurbin hidimar masu Umara a ƙarƙashin ƙungiya mai lasisi. Ta hanyar hukuma kawai, musamman lokacin Hajji da ba a shiga wuraren ibada sai da tasrihi, wato takardar izini. Duk wanda ya je ya dawo da jimla biyar da ya ji bai gane ba, ka zuba su cikin littafin aljihunka na mataki na biyu.

Mataki na takwas: auna abin da ka koyar

Idan makin duka yana kan cike gurbi, yara za su gane cewa kujeru ukun nan wasa ne. Daga makin aikin aji da yake hannunka, ware kaso na gwajin baki na minti uku. Tambaya huɗu za ka yi wa kanka: buƙatar baƙon ta biya? Lambobin sun isa daidai? Da bai gane ba, ya nemi a maimaita? Ya yi ladabi? Kuskuren nahawun da bai ɓata ma'ana ba ka rubuta shi a gefe ka gyara daga baya, kada ka katse yaro yana tsakiyar magana.

Ka kuma shirya su ga jarrabawar Turancin da jami'o'i suke tambaya. STEP ta Ƙiyas, cibiyar shirya jarrabawa ta ƙasa, tambaya 100 ce ta zaɓi, mafi yawanta fahimtar karatu da nahawu, sai sauraro, babu magana da baki a cikinta, kuma jami'o'in cikin gida da yawa suna karɓarta. Mai niyyar karatu a waje kuwa IELTS zai fuskanta, wadda take da zama ido da ido da mai jarrabawa. Wanda ya shekara yana wasan tafinta ba zai ji tsoron wannan zaman ba.

Batun harshe na huɗu

Iyaye suna yawan tambaya a kan Sinanci, tunda an sanar da shigar da shi manhaja a 2019, aka kuma fara koyar da shi a wasu makarantun matsakaiciya a 2024. Inda makaranta take da shi, yaro ya riƙe shi da kyau, akwai kamfanonin Sin da yawa a ƙasar nan. Amma ga ɗan Hausa mai son hidimar alhazai, ni Faransanci nake fara ba shi shawara, saboda takardun alhazan Nijar da Kamaru da Cadi da Mali da Senegal da shi ake rubuta su. Kowanne aka zaɓa, matakan ba sa canzawa, kuma kada a ɗora shi sai Turancin ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da za ka nema a wajen iyaye

A taron iyaye ka roƙi abu biyu. Na farko, su ci gaba da yi wa yara Hausa a gida, kada su sauya zuwa Larabci zalla don tsoron kada yaro ya ci baya a makaranta, Larabci ba zai tsere masa ba a garin nan. Na biyu, su bar shi ya koyi rubuta ta da boko. Yawancin yaranmu na nan suna jin Hausa amma ba su taɓa rubuta layi ɗaya da ita ba, alhali saƙon da kamfanin Hajji zai tura wa alhazansa a rubuce yake tafiya. Tunda sun riga sun san haruffan Turanci, abin da ya rage kaɗan ne: ɓ da ɗ da ƙ, sai ts da 'y, da sanin inda ake raba kalma. A sa allon rubutun Hausa a wayar yaro, ya riƙa karanta wa kakarsa labari ɗaya daga sashen Hausa na BBC ko DW ko RFI bayan Magariba, ita kuma tana gyara masa furuci. Ranar Lahadi idan an dawo makaranta, ya ba aji taƙaitaccen labarin da Turanci cikin jimla biyar.